Haruffa Uku

Duk wanda ya shigo falonmu a 'yan watannin nan, abin da idonsa kan fara sauka a kai shi ne wani dogon akwati baƙi da ke tsaye a kusurwa, tsakanin kantar littattafai da taga. Tsayinsa ya kai na matsakaicin mutum, yana da fuskar gilashi, da 'yar sanda mai jan kai, da maɓallai, da wata siririyar kafa ta jefa sulalla. Baƙi masu kawaici sukan dube shi su kau da kai. Marasa kawaicin, waɗanda galibinsu abokan aikinmu ne, sukan tambaya: "Dakta, wannan kuma wane babi ne a nazarin adabi?" Mun gaji da ba da amsa a tsaitsaye, shi ya sa muka ga ya kyautu mu zauna mu rubuta ta sau ɗaya, domin nan gaba wanda duk ya tambaya sai mu miƙa masa wannan mujalla.

Labarin ya faro ne daga Tudun Wadan Kaduna a shekarar 1992, muna aji shida na firamare. A kan hanyarmu ta zuwa kasuwa akwai wani ɗan shago mai ƙofar kwano, wanda ko sunan mai shi ba mu sani ba, Mai Inji kawai muke ce masa. Injunan wasa uku gare shi. Ɗaya ya daɗe da mutuwa, ya zama teburin ajiye kwanon abinci. Na biyu sabo ne fil, na Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991, kuma samari majiya ƙarfi sun mamaye shi, yaro irinmu ko leƙe ba ya samu. Na ukun tsoho ne, fentinsa duk ya ɓaɓɓare, an tura shi can lungu kusa da randa, kuɗin wasansa rabin na sabon. Sunansa na ainihi Galaga, na kamfanin Namco na ƙasar Japan, an yi shi tun 1981, amma mu Zuma muke kiransa, saboda ƙwarin da ke saukowa daga saman fuskar sun yi kama da ƙudan zuma. Akwai wasu jajaye da muke ce wa malam-buɗe-littafi, sai manya guda huɗu da ke zaune can ƙololuwa, su ne Sarakai. Kai kuma ɗan jirgi ne fari a ƙasa, ba ka gaba ba ka baya, sai dama da hagu, sai harbi.

Yayanmu, wanda ya girme mu da shekara huɗu, shi ne gwanin Zuma na unguwar baki ɗaya. Mu dai aikinmu riƙe masa littattafai da tsayawa a kan akwatin lemo muna kallo ta gefen kafaɗarsa. Ranar da ya fara nuna mana babbar dabararsa sai da muka yi hawaye. Ɗaya daga cikin Sarakan nan ya sauko ya buɗe wani shuɗin haske kamar tarun masunta, maimakon Yaya ya kauce sai ya tura jirginsa ciki da gangan, Sarki ya zuƙe shi ya yi sama da shi. Kuɗin da muka haɗa na kwana biyu ba mu ci ƙosai ba, ga shi ya miƙa wa maƙiyi. Ya ce, "Yi shiru, ƙane, ka gani." Da jirgi na biyu ya jira har Sarkin ya sake saukowa da ganimarsa, ya harbe shi, sai ga kamammen jirgin ya sulalo ya manne da ɗan'uwansa, suka zama biyu kafaɗa da kafaɗa, harsashi na fita bibbiyu. A mataki na uku, inda ƙwari 40 kan wuce a jere ba tare da sun yi harbi ba, da tagwayen jiragen nan yake share su tas, injin ya ƙara masa maki 10,000, yaran shago su ɗauki ihu.

In wasa ya ƙare, injin yakan yi wa mutum hisabi: ga yawan harsashin da ka harba, ga wanda ya samu, ga kason da ka ci cikin ɗari. Bayan nan, in makinka ya shiga cikin biyar na sama, sai ya ba ka gurbin haruffa uku ka rubuta sunanka. Haruffan Turawa ne zalla, babu ɓa, babu ɗa, babu ƙa, don haka duk mai suna da harafi mai lanƙwasa sai ya haƙura da rabin sunansa. Yara sukan sa farkon sunayensu. Yaya bai taɓa yin haka ba. Abin da yake rubutawa kullum shi ne N, da I, da ɗigo: NI. Sai ya koma gefe ya harɗe hannu. In wani baƙon yaro ya shigo, Yaya ya tambaye shi, "Kai, wa ya zo na ɗaya a injin can?" Yaro ya duba ya ce, "NI." Yaya ya ce, "Ƙarya kake, yaushe ka buga?" Shago ya kece da dariya. Wannan raha ya yi ta fiye da sau ɗari, ba ta taɓa tsufa a wurinsa ba.

Sai dai injin ba ya riƙe suna. Ba shi da batirin ajiyar maki, saboda haka da zarar an ɗauke wuta, ko Mai Inji ya zare soket da dare, allon gwanaye ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Kowace rana sai Yaya ya sake kafa sunansa daga tushe. Mun taɓa tambayarsa ko abin ba ya ba shi haushi. Ya ce in da injin yana riƙewa, da tuni ya daina zuwa.

Yaya bai wuce sakandare ba. Da mahaifinmu ya kwanta ciwo, shi ya bar karatu ya shiga koyon naɗin koyil, yana gyaran fanka da injin ban ruwa, kuma da kuɗin wannan sana'a aka biya mana rajistar jami'a tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Digirin nan na uku da ake kiranmu Dakta saboda shi, in da ana raba shi kamar gado, kaso mafi tsoka nasa ne. Allah ya yi masa rasuwa a daminar 2021. Daga Ibadan, inda aiki ya ajiye mu, muka kama hanya cikin dare, kafin mu isa Kaduna an riga an kai shi makwancinsa. Bayan sadakar bakwai muka zauna muna binciken wayarmu ko za mu sami muryarsa. Babu. Saƙonninsa na murya duk suna cikin wata tsohuwar waya da ta lalace shekara guda kafin nan, ba mu damu da kwashe abin da ke ciki ba, don a zatonmu mai muryar yana nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin tsofaffi da rikoda ƙauye-ƙauye don kada waƙoƙin daka da na niƙa su salwanta, ga shi bai ajiye ko sallamar yayansa ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mana rai, kuma ba mu faɗa wa kowa ba sai yau.

Shekara biyu bayan haka, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe ya zo ofis a kan maganar kundinsa. Muna cikin duba babi na biyu, ya fita baranda ya jira, sai muka ji wani sauti yana fitowa daga wayarsa, 'yar gajeriyar kiɗa mai kama da busar sarewa wadda Zuma kan yi a farkon wasa. Alƙalami ya faɗi daga hannunmu. Muka kira shi, ya shigo a tsorace yana ba da haƙuri, yana zaton faɗa za mu yi. Muka ce, "Zauna. A ina ka samo wannan?" Ranar ba a ƙara komawa kan babi na biyu ba. Malami ya zama ɗalibi, kuma mun yarda da masu cewa ilmi ba shi da babba.

Abin da ya koya mana, muka kuma faɗaɗa da karatu daga baya, shi ne wannan. Kowane irin injin wasa na wancan zamani yana da allon wayoyi a cikinsa, wanda masu gyara ke kira fanel, a kansa akwai ƙwaƙwalwar da ke aiki da kuma wasu 'yan ƙwayoyin ajiya da ake kira ROM, inda aka rubuta wasan kansa. Galaga, alal misali, ƙwaƙwalwa uku gare shi, dukkansu samfurin Z80. Idan aka kwafo abin da ke cikin ƙwayoyin nan, an sami nassin wasan, to amma nassi ba ya karanta kansa, sai an sami inji mai jin harshensa. A nan ne manhajar kwaikwayo take shigowa: ita ce ke sa kwamfutar zamani ta shiga rigar tsohon injin, ta yi tafiyarsa, ta yi numfashinsa, har nassin ya ɗauka a gidansu yake. Mai karatu da ya yi darasin wasan kwaikwayo zai gane abin nan da nan. Mafi shaharar irin waɗannan manhajoji ita ce MAME, wadda wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fara fitarwa a watan Fabrairu na 1997, tun daga lokacin kuma masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke ta ƙara mata dubban injuna. Abin da ya ja hankalinmu shi ne manufarsu. Sun bayyana cewa babban burinsu shi ne adana bayanin yadda injunan suke aiki kafin su ruɓe, buga wasan kuwa riba ce da ta biyo baya. Wato dai aikinsu da namu ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta.

Kuma haɗarin salwantar gaskiya ne. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka sayar a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Akwai ma wanda ya fi ban tausayi. Injunan da Capcom ya ƙera a kan tsarin CPS-2 tun daga 1993, an kulle nassinsu da makulli na sirri don hana masu satar fasaha, aka ajiye makullin a wata ma'ajiya da ɗan batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya ƙare, makulli ya goge, injin ya zama gawa alhali komai nasa lafiya lau. Sai a 2007 masu aikin kwaikwayo suka warware sirrin kullin gaba ɗaya. Da muka karanta wannan, tsofaffin da muka yi hira da su ne suka faɗo mana a rai, waɗanda kowannensu makullin wata waƙa ne, batirin kuma yana ta raguwa.

Wani abin da ya ƙara burge mu shi ne amanar juyi. Malamanmu na zaure sun san cewa mai juyar littafi na ƙwarai ba ya gyara abin da ya tarar, ko da ya ga kamar kuskure ne, sai dai ya yi alama a gefe. Galaga yana da wani sanannen kuskure: in mai wasa ya bar ƙudan zuma na layin ƙarshe na hagu a matakin farko, ya yi ta kauce musu na tsawon kusan kwata na awa ba tare da ya kashe su ba, sai ƙwarin su daina harbi har ƙarshen wasa. Mai Inji ya san da wannan, kuma duk yaron da ya kama yana yi sai ya zare soket. To manhajar kwaikwayo ta juyo wasan har da wannan kuskure, yana nan daram.

Za mu iya tsayawa a nan, mu sa wasan a waya kamar ɗalibinmu. Mun gwada. Shafa gilashi da babban yatsa bai yi kama da komai da muka sani ba. Zuma a tsaye ake buga shi, da sanda a hannun hagu, da maɓalli mai ƙara a dama, da mutum a bayanka yana hura maka numfashi a wuya. Nan muka ƙudura sai mun gina akwatin.

Uwargida ta saurari bayaninmu har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, kujerun falon nan shekara nawa ina magana a kansu?" Muka yi alkawarin kujeru bayan akwati. Har yanzu alkawarin yana nan, ba mu karya shi ba, ba mu kuma cika ba.

Kafintan da muka samu a Sabo dattijo ne mai yawan barkwanci. Da muka shimfiɗa masa zanen, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Dakta, wannan mumbari ne ko akwatin gawa na Nasara?" Shi ya hana mu sayen katakon nan na garin itace da aka matse, ya ce damshin Ibadan zai kumbura shi kafin damina biyu, gara falanki mai kauri. Gaskiyarsa. Shi kuma ya matsa sai an sa ƙofa a baya mai makulli da 'yan ramukan shan iska, abin da bai zo mana a rai ba. Inda muka sha gardama shi ne wajen fuska. Mun sayo tsohuwar fuskar kwamfuta a kasuwar Computer Village ta Ikeja, irin mai kusan murabba'i ɗin nan, muka ce a kafa ta a tsaye, tsawonta ya dubi sama. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin talabijin a gicciye ba. Muka yi masa bayanin cewa Galaga da Pac-Man da ire-irensu a haka aka ƙera su, hotonsu ɗigo 224 ne a faɗi, 288 a tsaye, domin ƙwarin su sami sararin saukowa. Ya girgiza kai ya ce kuɗinmu ne.

Cikin akwatin kusan fanko ne, kuma wannan yakan ba masu leƙawa mamaki. Abin da ke tafiyar da komai wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba, Raspberry Pi 4, ƙirar Ingila, wadda ta fito a 2019. A kan katin memori ake zuba mata tsarin RetroPie, wanda ya tattaro manhajojin kwaikwayo iri-iri wuri guda. Sanda da maɓallai kuwa kowanne yana da ɗan makunni a ƙarƙashinsa mai yin ƙas in an danna, daga nan wayoyi biyu suke tafiya zuwa wani ɗan fanel da ke fassara dannawar zuwa harshen da kwamfuta ke ji ta kafar USB. A takarda abin ba wuya. A aikace, daren farko da muka haɗa, in mun tura sanda dama sai jirgi ya yi hagu, in mun danna harbi sai injin ya ɗauka kuɗi muka jefa. Mutumin da ya girma a gidan mai naɗin koyil, ga shi ya kasa bambance wayoyi huɗu. Mun ji kamar Yaya yana tsaye a bayanmu yana cewa, "Boko dai, boko dai."

Matsala ta biyu ta fi dacewa da sana'armu. Mun zuba wasan, muka danna, fuska ta yi baƙi ta dawo da mu inda muka fito, ba bayani. Kwana uku muna fama. Ashe kowane zubi na MAME yana da irin kwafin ROM da yake karɓa, domin a tsawon shekaru an yi ta sake kwafo ƙwayoyin da kyau, ana sauya musu suna da tsari. Zubin da ke kan 'yar kwamfutarmu ya dogara ne a kan MAME 0.78 na shekarar 2003, mu kuma kwafin da ke hannunmu na baya-bayan nan ne. Daidai yake da a ba ɗalibi sharhin da aka yi a kan wani bugu na littafi, a ce ya nemo shafukan a wani bugun dabam. A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya don ɗalibai: manhajar MAME kyauta ce, amma ba ta zuwa da wasanni, kuma galibin wasannin har gobe suna da masu haƙƙin mallaka, in ban da 'yan kaɗan da masu su suka yafe, aka sa a shafin MAME ɗin. Mu dai sai da muka bi 'yan gwangwan har muka sami wani mataccen fanel na Zuma muka saya, muka rataye shi cikin akwatin, don zuciyarmu ta sami abin kafa hujja. Ko lauya zai karɓi wannan hujja, wannan wata magana ce. Marubucin da ya taɓa ganin an buga littafinsa a bayan idonsa bai kamata ya yi wasa da haƙƙin wani ba.

Ta uku ita ce wuta. Raspberry Pi ba ta son a yanke mata wuta tana cikin rubutu a kan kati, mu kuwa a unguwarmu ba a sallama kafin a ɗauke. Sau biyu katin yana lalacewa muna sake zubi daga farko, kafin mu saduda mu jona akwatin da inbatar gida.

Daren da komai ya daidaita, yara sun yi barci. Muka kashe fitilar falo muka kunna. Fuska ta cika da tarkacen haruffa da launuka, irin gwajin da injin kan yi wa kansa in an tashe shi, wanda muka sha gani da safe in Mai Inji ya jona soket, muka manta da shi shekara talatin. Sai taurari suka fara gangarowa. Can sai ga allon gwanaye: mutum biyar, kowa da maki 20,000, sunayensu N.N da A.A da M.M da C.C da O.O. Muna yara mun ɗauka wasu gwanaye ne na ƙasar Japan, har Yaya yakan ce yau sai ya kori Malam N.N daga kujerarsa. Sai a daren nan, da idon mai nazarin waƙa, muka karanta haruffan daga sama zuwa ƙasa muka ga sunan kamfanin ne, NAMCO, aka jera irin yadda mawaƙanmu kan ɓoye suna a farkon baitoci. Muka juya don mu gaya wa Yaya. Mun daɗe a tsaye a wurin kafin mu iya danna komai.

Ba za mu ruɗi mai karatu ba, juyin bai cika ba. Fuskar zamani ta fi tsohuwar kwalbar talabijin kaifi, har ƙwarin suka fito da kusurwoyi kamar an yanka su da reza, sai da muka kunna wata dabara da ke zana siraran layuka a kan hoton don ya yi kama da na da. Wannan ya gyaru. Abin da bai gyaru ba shi ne warin shagon, na zufa da ƙura da man gyaɗar mai ƙosai, da muryar Mai Inji yana korar waɗanda ba su da kuɗi, da tsoron kada wani ya kai rahoto gida. Mun sha gaya wa ɗalibai cewa tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 taska ce babba, amma babu dare a cikinsu, babu goggo, babu yaron da ke gyangyaɗi. Mun daɗe muna faɗar wannan a aji da sigar wanda ya sani. A falonmu muka ɗanɗana shi.

Yaranmu biyu a Ibadan aka haife su. Babban yana da shekara 13, sai ƙanwarsa mai 10, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyarmu gare ta. Suna jin Hausa sarai, amma in an yi musu magana da ita da Ingilishi suke amsawa, a waje kuma Yarabanci ne a bakinsu kamar 'yan gari. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga malamin Hausa, kuma mun san ba gidanmu kaɗai ba ne. Da muka ga yadda suka rungumi akwatin, sai muka ga dama ta samu. Muka sa wa kafar jefa kuɗi ɗan makunni na gaske, muka zazzage wani gwangwani na tsofaffin sulallan naira ɗaya irin na 1991, waɗanda yanzu ko mai sayar da ruwan leda ba ya karɓa, muka kafa doka: sulai ɗaya, karin magana ɗaya ko kacici-kacici, kuma a gaban akwati ba a yin wani harshe sai Hausa.

Rabin dokar ya yi aiki. Karin magana kam sun tara, har da na ƙarya, domin babban ya gano cewa in ya ɗaure fuska ya ce "in ji masu iya magana," yakan iya shigar da ƙirƙirarsa, sau biyu yana cin sulai a haka kafin mu farga. Amma in wasa ya yi zafi, ƙwari suka yi ruwa, ihun da ke fita daga bakinsu ba na Hausa ba ne, kuma ba mu da zuciyar tsayar da yaro a tsakiyar yaƙi don gyaran harshe. Abin da ba mu zata ba shi ne 'ya'yan maƙwabta. Su da ba su san doka ba, sun ɗauka kalmomin da suke ji daga bakinmu sunayen abubuwan ne na asali. Yanzu in ka wuce ta tagarmu da la'asar za ka ji ɗan Bayarabe yana ihu, "Kauce! Kauce! Sarki ń bọ̀!" Ranar da Ummi ta ji ƙawarta ta ce malam-buɗe-littafi ba daidai ba, ita ta tsaya ta gyara mata furucin ɗa, sau uku, da irin muryar da mukan yi a aji.

Ita Ummin ce ta fito gwana. Wanta ya fi son wasannin dambe, ita kuwa Zuma ta riƙe. Tana hawa kan turmi da aka kifa don ta kai ga sanda. Mun nuna mata dabarar miƙa jirgi ga Sarki, ta ƙi yarda da farko, ta ce wa zai ba maƙiyi kayansa da hannunsa. Muka ce, "Yi shiru, Ummi, ki gani." Sai da maganar ta fita muka ji ta wane ne.

Ɗalibin nan namu, wanda yanzu ya gama har ya yi hidimar ƙasa, ya kawo mana ziyara kwanan baya. Ya duba akwatin ciki da waje ya yaba, sannan ya lura cewa allon gwanaye yana komawa N.N da A.A duk lokacin da aka kashe. Ya ce, "Malam, ai akwai gyara. Akwai wani ɗan ƙari da ake kunnawa a manhajar, ya riƙa ajiye maki a kati, ko shekara nawa aka yi suna nan. Minti biyu ne." Muka ce ya bari mu yi shawara. Mun kwana biyu muna juya abin. Mutumin da ya yi asarar muryar yayansa saboda sakacin ajiya, shi ne za a ce masa ga hanyar ajiya ya tsaya shawara? A ɗaya gefen kuma, injin da Yaya ya sani ba ya riƙe suna, kuma ya gaya mana da bakinsa abin da zai yi in da yana riƙewa. Amanar juyi ta ce a bar shi yadda aka tarar. Zuciya ta ce wani abu dabam.

Da muka kasa yankewa, muka kai ƙara wurin mai kujerar. A lokacin Ummi ta riga ta ji labarin baffanta da haruffansa uku, kuma tun ranar ta daina rubuta UMM. Muka same ta a kan turmi, ta kori Malam N.N da maki 61,000 da 'yan kai, tana juya sanda a hankali tana neman harafin I. Muka yi mata bayanin gyaran da ake magana, cewa sunanta zai zauna ko an kashe inji. Ba ta waiwayo ba sai da ta sa ɗigon. Sannan ta ce, da Hausa tun daga farko har ƙarshe, "Abba, in ya zauna, gobe me zan yi?" Ta sauko daga turmi, ta zagaya baya ta kashe akwatin da kanta kamar yadda muka koya musu, ta miƙo hannu. Muka ce sai da karin magana. Ta yi shiru tana tunani, wanta yana raɗa mata wata ta ƙarya daga bakin ƙofa.